Jinyar Ƙurajen Zosta a Gidan da Akwai Jariri

Duk wanda ya taɓa yin ƙarambau, ko da tun yana ƙarami ne har ya manta, yana ɗauke da ƙwayar cutar a jikinsa har yau. Ƙurajen sun bushe, tabon ya dushe, amma ƙwayar ba ta fita ba, sai dai ta bi jijiyoyi ta je ta lafe a gindinsu kusa da laka, ta shafe shekaru ba ta motsa ba. Ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, saboda tsufa ko wata jinya ko wani magani, wani lokaci ma ba tare da dalili na fili ba, sai ta farka ta biyo jijiya guda zuwa fata, ta feso da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. Ita ce cutar da likitoci ke kira zosta, wasu kuma shingils. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 3 a ƙasar zai gamu da ita a rayuwarsa, kuma ko da yake ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, tana kama matasa, har da mata masu shayarwa.

Idan ta faɗo a gidan da ake renon jariri, hankalin kowa kan tashi, kuma tashin hankalin yana da tushe, sai dai ya kamata a san ainihin abin da ake tsoro. Jariri ba ya ɗaukar zosta daga wurin kowa, domin zosta daga cikin jikin mutum take tasowa. Abin da zai iya ɗauka shi ne ƙarambau, idan ruwan ƙurajen ya kai gare shi. Tun a 1888 wani likitan yara na ƙasar Hungari, János Bókay, ya lura cewa yaran da suka yi cuɗanya da manya masu zosta sukan fito da ƙarambau bayan 'yan makonni, kuma bincike daga baya ya tabbatar cewa ƙwaya ɗaya ce. Hatsarin yana cikin ruwan ƙurajen, yana farawa ranar da suka ɗuri ruwa, yana ƙarewa ranar da na ƙarshe ya bushe ya yi ɓawo, abin da yawanci kan ɗauki kwana 7 zuwa 10. Duk aikin da ke gaban iyali shi ne tsallake waɗannan kwanaki lafiya.

Ganin likita kafin kwana uku su cika

Zosta takan yi sallama kafin ta bayyana. Mutum zai ji zugi ko ƙuna ko tsikara a wani yanki na fata, sau da yawa a haƙarƙari ko kwiɓi ko gefen fuska, har taɓawar riga ma ta zama azaba, alhali ba a ganin komai a wurin. Bayan 'yan kwanaki sai wurin ya canja launi, sannan ƙananan ƙuraje su taso a jere kamar an ja layi daga baya zuwa gaba, su tsaya cak a tsakiyar jiki ba su ƙetara ɗaya gefen ba. Wannan tsayawa a gefe ɗaya ita ce babbar shaida.

Da zarar an ga haka, kada a jira a ga abin da gobe za ta haifar. Magungunan da ke hana ƙwayar hayayyafa sun fi tasiri idan aka fara su cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Ga babban mutum mai lafiyar ƙoda, likitoci kan rubuta asikulobir miligiram 800 sau biyar a rana, ko balasikulobir giram 1 sau uku a rana, na tsawon kwana 7. A kan kwalinsu za a iya ganin sunayen Zovirax da Valtrex. Maganin yana rage fitowar sababbin ƙuraje, yana gaggauta bushewarsu, wato yana taƙaita kwanakin da jariri ke cikin hatsari. A sha shi da ruwa mai yawa, a kuma ƙarasa shi ko da an ji sauƙi. Idan awa 72 sun riga sun wuce, har yanzu a je, musamman idan sababbin ƙuraje na ci gaba da fitowa.

A wurin likita, a faɗi abu uku tun kafin a tambaya: cewa akwai jariri a gida da watanninsa, cewa ana shayarwa idan ana yi, da kuma ko akwai mai ciki a gidan. Idan mai ciwon matashi ne, kada ya ji nauyi in aka ba shi shawarar gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin wani lokaci zosta ce alamarta ta farko, kuma ga uwa mai shayarwa sanin hakan da wuri kariya ce ga yaron.

Akwai wuraren da ba a kwana da su. Ƙuraje a goshi, fatar ido ko kan hanci suna nuna cewa jijiyar da ke zuwa ido ta taɓu, kuma ana iya rasa gani idan aka yi sakaci. Ƙuraje a cikin kunne tare da karkacewar baki ko jiri, ƙurajen da suka bazu ko'ina a jiki, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya ko ruɗewa, duk waɗannan na asibiti ne a ranar.

Rufe ƙurajen da tsare hannu

A nan ne mafi yawan kariyar take, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin aiki ne na maimaitawa dare da rana. A wanke wurin a hankali da ruwa da sabulu mai sauƙi, a daddanna da tawul na musamman har ya bushe ba tare da gogawa ba, sannan a rufe shi da bandejin da ba ya mannewa a ciwo. Filastar da za ta riƙe shi ta sauka a kan lafiyayyar fata can gefe, kada ta hau ƙurajen, domin idan aka zo cirewa za ta fasa su. A ɗora sakakkiyar riga ta auduga a kai, ya zama shamaki biyu ke nan tsakanin ruwan da yaron. Idan bandejin ya jiƙe a canja shi nan take, a ƙulle tsohon a leda a jefar, a wanke hannu.

Kada a fasa ƙurajen da allura ko farce da sunan a rage musu ruwa. Fasa su ba ya rage ciwon, sai dai ya fito da ƙwayar fili, ya kuma buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyin da ke sa ciwo ya yi mugunya. Haka nan kada a shafa duk wani haɗi da aka kawo daga gefe, domin fatar wurin a buɗe take.

Hannu shi ne babban ɗan aiken wannan ƙwaya. A dubi yadda abin kan faru da tsakar dare: yaro ya farka yana kuka, uwa ta tashi cikin magagin barci, ba ta san cewa a cikin barcin ta sa hannu ƙarƙashin riga ta sosa wurin ba, bandejin ma ya zame gefe. Da wannan hannu za ta ɗauki yaron, ta goge masa baki, ta kama nono ta sa masa. Babu wanda ya yi ganganci, amma ruwan ya isa inda ake gudu. Saboda haka nake ganin dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, duk lokacin da za a taɓa yaron, a fara duba bandeji ko yana nan daram, sannan a wanke hannu da ruwa da sabulu na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Gara yaro ya ƙara minti ɗaya yana kuka. A yanke farce gajere, a ajiye sabulu da ruwa ko man tsabtace hannu kusa da gado, don kada gajiya ta sa a tsallake.

Tawul, soso, zanen gado da tufafin mai ciwon su zama nasa shi kaɗai, a wanke su daban da kayan jariri, da ruwan zafi idan yadin zai jure. A kuma lura da yadda ake ɗaukar yaron: idan ƙurajen na gefen dama, a rungume shi ta hagu, a sa tsabtataccen zane tsakaninsa da jiki, domin jarirai kan goga fuska a jikin mai ɗauke da su, su kuma cafki riga su kai baki.

Duk wannan ya shafi ƙurajen da suke rufuwa. Idan sun fito a fuska, fatar kai, wuya ko hannu, inda ba za a iya rufe su sosai ba, shawarata ita ce wani ya karɓi ɗawainiyar yaron har su bushe, kuma babu sumbata. Haka ma idan ƙurajen sun bazu a jiki, ko mai ciwon yana da raunin garkuwa, domin a irin wannan hali ƙwayar tana iya bin iska kamar yadda ƙarambau ke yi, don haka a raba ɗaki. Kakar da ke son ɗaukar jikanta za ta ji babu daɗi, amma idan aka yi mata bayani cikin ladabi cewa kwana goma ne kawai, kuma don lafiyar yaron ne, za ta fahimta.

Sanin matsayin jaririn

Ba duk jarirai ne suke cikin hatsari iri ɗaya ba, kuma tambayar da ke raba su ita ce ko mahaifiyar ta taɓa yin ƙarambau ko an yi mata rigakafinsa. Uwar da ke da garkuwa tana miƙa wa ɗanta wani kaso ta mabiyiya, mafi yawa a watanni ukun ƙarshe na ciki. Don haka idan uwar ce da kanta ke fama da zosta, hakan shaida ce cewa ta taɓa yin ƙarambau, kuma jaririn da ya cika watanninsa ya zo duniya da wannan kariya. Sai dai aro ce, tana raguwa wata bayan wata, kuma kafin yaro ya kai wata shida yawanci ta yi ƙasa sosai. Ko a farkon watannin ma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, tana dai sa cutar ta zo da sauƙi.

Abin ya sha bamban idan uba ne ko kaka ko mai reno ke da zosta, uwar kuma ba ta taɓa yin ƙarambau ba. A nan yaron bai gaji komai ba, ita kanta uwar tana iya kamuwa, kuma ƙarambau ya fi tsanani a jikin manya. Idan ba ta da tabbas, akwai gwajin jini da ke nuna ko tana da garkuwar, kuma ya dace a nemi a yi shi cikin gaggawa.

A kira likita a ranar da aka gane cutar, ba sai yaro ya nuna alama ba, idan jaririn bai kai wata ɗaya ba, ko bakwaini ne, ko yana da wata cuta ko magani da ke raunana garkuwa, ko mahaifiyarsa ba ta da garkuwa. Bakwainin da aka haifa kafin mako 28, ko wanda nauyinsa bai wuce giram 1,000 ba lokacin haihuwa, ana ɗaukarsa a matsayin marar kariya ko da uwar ta taɓa yin ƙarambau, domin ya fito kafin a gama miƙa masa rabonsa. Dalilin gaggawar shi ne akwai abin da za a iya yi kafin cutar ta bayyana. Akwai allurar garkuwa da ake tacewa daga jinin mutanen da ke da ita, wadda a Amurka ake kira VariZIG, ana yin ta da wuri gwargwadon iko, cikin kwana 10 da haɗuwa da ƙwayar. A wasu ƙasashe kuma asikulobir na ruwa ake ba yaro na 'yan kwanaki. Ƙa'idar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma likitan yara ne zai yanke hukunci, amma ba zai iya ba idan ba a sanar da shi a kan lokaci ba.

Shayarwa

Uwa mai zosta ta ci gaba da ba da nono. Ruwan ƙurajen ne abin gudu, nonon kuwa abinci ne da kariya, kuma yaye yaro ba zato don tsoro yakan jawo wahalar da ta fi wadda ake gujewa. Asikulobir da balasikulobir suna shiga nono kaɗan ne ƙwarai, ana kuma amfani da su ga masu shayarwa.

Inda ake tsayawa shi ne idan ƙurajen suna kan maman ko kusa da inda baki da kumatun yaro ke taɓawa. Sai a rufe wannan gefen ruf, a shayar da lafiyayyen, a riƙa tatse mai ciwon ana zubarwa don kada ya cika ya yi tauri ko ruwan ya ƙafe, har sai ƙurajen sun bushe. A wanke hannu da abin tatsar sosai bayan kowane amfani, kuma kada a yi amfani da shi a ɗaya gefen sai an wanke. Uwar da aka raba ta da yaron saboda ƙuraje a fuska tana iya tatsa da tsabtataccen hannu a ba shi.

Lallashin raɗaɗin

Ciwon zosta ba ƙarami ba ne, wanda bai ɗanɗana ba yana iya ɗaukarsa raki. Wasu kan ce kamar an ɗora musu garwashi, wasu kamar ana ja musu wutar lantarki a haƙarƙari. Mai jinyar da ba ta yi barci ba tana buƙatar taimako na zahiri, wato wanda zai karɓi yaron na wasu awanni, ya yi wanki, ya kula da sauran aikin gida.

Farasitamol shi ne matakin farko, kuma babban mutum na iya haɗawa da ibufurofen idan ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora na 'yan mintoci, yana kwantar da ƙuna, sai dai a wanke shi daban bayan nan. Ruwan kalamin, maganin da ake shafawa a fata, yana rage ƙaiƙayi. Mai shayarwa ta guji kodin da tiramadol, domin suna iya bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi rauni. Idan ciwon ya fi ƙarfin waɗannan, likita na iya rubuta maganin ciwon jijiya irin su gabafentin ko amitiriftilin, kuma da yake suna sa jiki ya mutu da barci, kada wanda ya sha su ya kwanta gado ɗaya da jariri.

Kwana 21 na sa ido

Bushewar ƙurajen ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Ƙarambau yakan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ya bayyana, galibi 14 zuwa 16, kuma yana iya kaiwa 28 ga yaron da aka yi wa allurar garkuwa. A rubuta ranar da ƙuraje suka fara da ranar da na ƙarshe ya bushe, a ƙirga 21 daga ta biyun. A wannan tsakani a riƙa duba jikin yaron a wuri mai haske lokacin wanka da canja kunzugu: fatar kai, bayan kunne, fuska, ƙirji, baya da cikin baki. Ƙarambau yakan fara da 'yan ɗigo kamar cizon sauro, cikin awanni su zama ƙuraje masu ruwa kamar raɓa, wasu na bushewa wasu na fitowa. A fata mai duhu ba lallai ne a ga ja ba, don haka a shafa da hannu a ji ko akwai tashi. Da yake mai ƙarambau yana fara yaɗa shi kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fito, daga kwana na 8 da fara ƙurajen mai zostar zuwa ƙarshen lissafin a nisanta yaron daga masu cikin da ba su da garkuwa, wasu jarirai, da marasa lafiya masu raunin garkuwa.

Idan an ga ƙuraje, a yi waya kafin a tafi asibiti, don a shirya wurin da ba za a zauna cikin masu ciki da sauran yara ba. Jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, a kai shi nan take, ko da ƙuraje ko babu. Haka nan idan ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi jijjiga, ko fitsarinsa ya ragu, ko fatar da ke kewaye da wani ƙurji ta kumbura ta yi zafi. Sabon haihuwa da ya kamu yawanci ana kwantar da shi a ba shi asikulobir ta jijiya, domin cutar kan iya taɓa huhu da hanta da ƙwaƙwalwa.

Kada a ba yaro asfirin ko kaɗan, domin haɗuwarsa da ƙarambau na iya jawo wata cuta da ake kira ciwon Reye, mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Ibufurofen ma a bar shi muddin ana zaton ƙarambau, saboda an danganta shi da munanan cututtukan fata a wannan hali. Farasitamol ake bayarwa, gwargwadon nauyin yaro, kuma ga ɗan ƙasa da wata uku sai da izinin likita.

Bayan an warke

Fata kan koma daidai cikin mako 2 zuwa 4, amma wajen mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi zosta sukan ci gaba da jin ciwon jijiya a wurin har tsawon watanni, kuma tsofaffi ne suka fi fama da shi. Wannan ciwon ba ya yaɗuwa, mai shi zai iya ɗaukar jariri hankali kwance, sai dai ya koma wurin likita, domin yana da magani.

Yawanci ba a yi wa jariri rigakafin ƙarambau sai ya cika shekara ɗaya, shi ya sa kafin nan kariyarsa tana hannun manyan da ke kewaye da shi. Yaran gidan da suka haura shekara ɗaya da manyan da ba su taɓa yin cutar ba za su iya karɓar rigakafin cikin kwana 3 zuwa 5 da haɗuwa da ƙwayar, kuma yana iya hana ta fitowa ko ya rage mata ƙarfi, amma ba a yi wa mai ciki ko mai raunin garkuwa. Ga kakanni da duk wanda ya kai shekara 50 akwai rigakafin zosta mai suna Shingrix, wanda aka amince da shi a 2017, allura biyu tsakaninsu wata 2 zuwa 6, kuma kariyarsa ta haura kashi 90 cikin 100 ga masu lafiyayyar garkuwa. Wanda ya taɓa yin zosta ma ana yi masa, domin cutar tana iya dawowa, sai dai a bari ƙurajen su warke sarai kafin a yi allurar farko.